A1 Grand Prix: Gasar Kofin Duniya ta Tseren Motoci da Bashi Ya Cinye

Ranar Lahadi, 25 ga Satumbar 2005, ƙasashe 25 suka kai motocinsu fagen tsere na Brands Hatch da ke gundumar Kent a Ingila. Motocin duk ƙira ɗaya ne, inji iri ɗaya, taya iri ɗaya, fenti kaɗai ya raba su. Ta Holan ruwan lemo, ta Niyu Zilan baƙa wuluk, ta Pakistan koriya shar. A jikin kowace mota an rubuta sunan ƙasa, an kuma zana tutarta. Nelson Piquet ƙarami, ɗan tsohon zakaran Formula 1 har sau uku, shi ya lashe tsere biyun da aka yi a ranar, aka rubuta makin da sunan Birazil. Da haka aka buɗe A1 Grand Prix, wadda masu ita suka yi wa laƙabi da gasar cin kofin duniya ta tseren motoci.

Bayan shekara uku da wata bakwai, ranar 3 ga Mayun 2009, a wannan fagen dai, Adam Carroll ya lashe tsere biyu, ya ɗaukar wa Ayalan kofi. Daga ranar ba a sake yin tseren A1 ba.

Masu bibiyar wasannin motoci sukan jefa A1GP cikin jerin mafarkan attajirai da suka rushe, su wuce. Wannan hukunci bai yi wa gasar adalci ba. Jama'a sun cika filaye a ƙasashe da dama, tsere ya yi armashi, kuma direbobin da suka fito daga cikinta sun yi suna a duniya. Lissafin kuɗi ne ya kashe ta, tare da shawarar sauya mota a lokacin da bai kamata ba. Sai dai tun kafin kuɗi ya ƙare, akwai alkawari guda da ta kasa cikawa, wato daidaita ƙasashe masu tarihin tsere da waɗanda ba su da shi. Waɗannan abubuwa biyu su ne darasin da ta bari.

Ciwon da aka so a magance

Duk wanda ya kalli Formula 1 a farkon shekarun 2000 ya san ƙorafin da ake yi. A 2004 Ferrari ta lashe tsere 15 cikin 18, Michael Schumacher shi kaɗai ya kwashe 13. Kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta, don haka wadda ta fi kuɗi da injiniyoyi ita ke gaba. Direba komai iyawarsa, idan ya faɗa motar baya, a baya zai ƙare. A filin sukuwa ma an san gardamar nan ta doki ne ya ci ko mahayi. A Formula 1 ta wancan lokaci kowa ya san dokin ne ke da kaso mafi tsoka.

Akwai kuma batun taswira. Yawancin direbobi daga Turai suke, sai Kudancin Amurka, da Japan jefi-jefi. Maleshiya ta fara karɓar tsere a 1999, Bahrain da Sin suka shigo a 2004, amma Afirka rabonta da Formula 1 tun tseren Kyalami na 1993. Biliyoyin mutane a Indiya da Pakistan da Indunusiya da Sin ba su da wanda za su kira nasu a fagen.

Sheikh Maktoum Hasher Maktoum Al Maktoum, matashi ɗan gidan sarautar Dubai, shi ya fito da maganin a 2004, tare da abokin hulɗarsa Tony Teixeira, ɗan kasuwar Afirka ta Kudu haifaffen Fotugal, mai harkar ma'adinai da man fetur. Tsarin nasu mai sauƙin fahimta ne. Kowace ƙasa mota ɗaya. Direba dole ya zama ɗan ƙasar. Maki na ƙasa ne, ko da an sauya direba tsakanin wannan tsere da wancan. Kaka kuma za ta gudana daga ƙarshen Satumba zuwa Afrilu, lokacin sanyin Turai, sa'ad da Formula 1 ke shirin hutu ko take hutun. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta sa albarka.

Kamfanin Lola na Ingila ya ƙera gangar jikin motar, Zytek ya samar da inji V8 mai lita 3.4 da ƙarfin doki kusan 520, Cooper ya ba da tayoyi. Motar ba ta da na'urorin da ke taimaka wa direba riƙe hanya, don haka ƙafarsa da hannunsa ne aikin. An kuma sa wani maɓalli a sitiyari da ake kira PowerBoost, wanda idan direba ya danna, ƙarfin injin zai haura zuwa doki 550 na ɗan lokaci. Sau huɗu ake ba shi damar dannawa a gajeren tsere, sau takwas a dogon. Wanda ya ƙarar da nasa da wuri zai zama abin farauta a zagayen ƙarshe. Kowace Lahadi ana yin tsere biyu: gajere, wanda motoci ke farawa suna cikin tafiya, da dogo, wanda ake farawa daga tsaye kuma dole a shiga a sauya tayoyi. Kyautar dogon tseren a kakar farko ta kai dala miliyan ɗaya, wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki dala 300,000.

Sunayen da suka tsaya a bayan ƙungiyoyin ma sun ja hankali. Ronaldo, gwarzon ƙwallon ƙafa, da Emerson Fittipaldi suna tare da Birazil. Luís Figo da Carlos Queiroz, su ma na duniyar ƙwallon ƙafa, suna tare da Fotugal. Tsofaffin zakarun Formula 1 sun bazu ko'ina: John Surtees a ƙungiyar Birtaniya, Alan Jones a ta Ostareliya, Niki Lauda da Keke Rosberg a ta Ostiriya. Ƙungiyar Afirka ta Kudu tana hannun Tokyo Sexwale, tsohon fursunan siyasa a tsibirin Robben wanda ya zama firimiyan lardin Gauteng, daga baya babban ɗan kasuwa.

Inda tutar ta yi aiki

Kakar farko ta zagaya filaye 11, daga Ingila zuwa Jamus, Fotugal, Ostareliya, Maleshiya, Dubai, Afirka ta Kudu, Indunusiya, Meziko, Amurka, aka rufe a Shanghai. A wata shida an taka nahiyoyi biyar.

Tseren da ya fi zama a zukatan mutane shi ne na Durban, a ƙarshen Janairun 2006. An rufe titunan bakin teku na birnin, aka kafa shinge, motoci suka yi ta gudu tsakanin bango da bango cikin zafi. Jos Verstappen na Holan, tsohon direban Formula 1 kuma mahaifin Max Verstappen, ya bi Neel Jani na Suwizalan har zagayen ƙarshe, ya wuce shi, ya lashe dogon tseren. Durban ta karɓi gasar shekara uku a jere, sannan a 2009 aka koma Kyalami. A tsawon waɗannan shekaru, A1GP ce babbar gasar motoci masu kujera ɗaya ta duniya da ke sauka Afirka kudu da Sahara.

Holan ta nuna ƙarfin tuta fiye da kowa. Da aka kai gasar Zandvoort a Oktoban 2006, tuddan yashin da ke kewaye da fagen suka cika da mutane sanye da ruwan lemo, kamar ranar da ƙungiyar ƙwallon ƙasar ke wasa. Wannan shekara 15 ke nan kafin Formula 1 ta koma Zandvoort a 2021. A ranar kuwa ɗan Afirka ta Kudu, Adrian Zaugg, mai shekara 19, shi ya lashe gajeren tseren.

Ƙasashen da ba a saba jin takensu a fagen tseren motoci ba su ma sun ɗanɗana. Salvador Durán ya lashe wa Meziko tsere biyu a Laguna Seca ta Amurka a Maris ɗin 2006. Alex Yoong, wanda ya sha wahala da motar Minardi a Formula 1 har ake ganin bai iya ba, ya ci wa Maleshiya tsere a Shanghai, sannan ya haɗa biyu a Brno ta Jamhuriyar Cek. Narain Karthikeyan ya ba Indiya nasara a Zhuhai ta Sin a Disambar 2007, ya ƙara wata a Brands Hatch a Mayun 2008. Labarin Yoong da Karthikeyan ya tabbatar da hujjar waɗanda suka kafa gasar: an ba mutanen da Formula 1 ta yar mota daidai da ta kowa, sai ga su a gaba.

Ta fuskar renon direbobi ma gasar ba ta yi asara ba. Nico Hülkenberg yana da shekara 19 ya lashe tsere tara a kakar 2006 zuwa 2007, ya kai Jamus ga kofi; daga nan ya ɗauki kambun gasar GP2 a 2009, ya shiga Formula 1 da Williams a 2010, ya kuma ci tseren awa 24 na Le Mans a 2015. Earl Bamber, wanda ya tuƙa wa Niyu Zilan, yana cikin motar Porsche ɗin da ta ci Le Mans tare da shi a wannan shekara. Jani, wanda ya ba Suwizalan kofi a kakar 2007 zuwa 2008, ya ci Le Mans a 2016. Loïc Duval na Faransa ya ci a 2013. Sergio Pérez da Sébastien Buemi, Robert Wickens da James Hinchcliffe, duk sun bi ta A1GP suna samari.

Mota ɗaya, ƙasashe ba ɗaya ba

Jerin zakarun gasar gajere ne: Faransa, Jamus, Suwizalan, Ayalan. Kaka huɗu, kofi huɗu, duk a Yammacin Turai.

Dalilin yana cikin gareji. Dokar gasar ta ce direba ya zama ɗan ƙasa, amma ba ta ce injiniyoyi da makanikai su zama 'yan ƙasa ba. Masu riƙe da ƙungiyoyi sai suka yi hayar kamfanonin tsere na Turai su gudanar musu da aikin. Kamfanin DAMS na Faransa shi ke kula da motar Faransa a kakar farko, shi ke kula da ta Suwizalan da ta Meziko. Alexandre Prémat da Nicolas Lapierre suka lashe wa Faransa tsere 13 cikin 22, Suwizalan ta zo ta biyu. A kaka ta biyu, ma'aikatan David Sears na Ingila, mai ƙungiyar Super Nova, su ke riƙe da motar Jamus da ta Niyu Zilan. Jamus ta zo ta ɗaya, Niyu Zilan ta biyu. Idan motoci iri ɗaya ne, bambancin yakan koma ga wanda ya fi sanin saita su: tsayin mota daga ƙasa, taurin sifirin, kusurwar fukafukai, iskar taya. Wannan ilimi kuwa yana Ingila da Faransa, an tara shi cikin gomman shekaru.

Ga kuma batun direbobin kansu. Yaro a Faransa ko Jamus yakan fara tuƙa ƙaramar motar tsere ta kat tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, ya hau Formula Renault, ya hau Formula 3, kafin ya kai ashirin ya yi ɗaruruwan tsere. Labanan ba ta da wannan tsani. Basil Shaaban da Khalil Beschir sun yi iya ƙoƙarinsu, amma ƙungiyar ta shafe kaka uku ba ta samu maki ko ɗaya ba. Hoton da aka fi tunawa da Beschir shi ne na motarsa tana wuntsilawa a kwanar farko ta Brands Hatch ranar buɗe gasar.

Da abin ya ƙi, sai aka koma neman 'yan asali a ƙasashen waje. Graham Rahal, Ba'amurke mai tsatson Labanan, ya tuƙa wa Labanan a 2006. Makin farko da ƙasar ta samu a 2008, Daniel Morad ne ya kawo shi, haifaffen Kanada. Adam Khan na Pakistan a Ingila aka haife shi, a can ya koyi tsere. Ho-Pin Tung na Sin haifaffen Holan ne. Lokacin da Khan ya ji rauni a Durban a 2006, Ba'italiye Enrico Toccacelo aka ba motar Pakistan don kada ta zauna a gareji, kuma ba a lissafa wa ƙasar sakamakonsa a matsayin maki ba. Babu laifi ɗan ƙasa mazaunin waje ya wakilci ƙasar iyayensa. Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Afirka da yawa haka suke yi. Matsalar ita ce a bayan waɗannan mutane ba a gina komai a gida ba. An kashe miliyoyi wajen fenti da jigila da bukukuwan ƙaddamarwa, amma ba a kafa wata gasar yara mai ɗorewa a Lahore ko Bairut da za ta samar da direban gobe ba.

A gefe guda kuma, taurarin da duniya ta sani ba su zo ba. Ranar da aka buɗe A1GP a Brands Hatch, a wannan Lahadin ce Fernando Alonso ya tabbatar da kambunsa na farko na Formula 1 a Interlagos ta Birazil. Sifaniya, ƙasar Alonso, ba ta taɓa samun ƙungiya a A1GP ba. Finlan, ƙasar Kimi Räikkönen, haka. Kofin duniya na ƙwallon ƙafa yana da daraja ne domin kowace ƙasa tana kawo gwanayenta, kulob-kulob kuma dole su sake su. A tseren motoci babu dokar da ta tilasta wa McLaren ko Renault su ba da aron direban da suke biya miliyoyi ya je ya yi kasada a titunan Durban. Gasar ta ɗauki sunan kofin duniya, amma ta cika da samari masu tasowa da tsofaffin da Formula 1 ta sallama. Tsere mai kyau suka yi, sai dai kamfanonin talla da gidajen talabijin suna biyan manyan kuɗi ne don sunayen da jama'a suka riga suka sani.

Wa zai biya kuɗin jirgi?

A Formula 1 kowace ƙungiya tana ɗaukar nauyin ƙera motarta da biyan ma'aikatanta, birane suna biyan kuɗin karɓar tsere, talabijin na biyan kuɗin haskawa. A1GP ta ɗora kusan komai a kan uwar kamfani. Ita ce mai motocin, ita ke ba da su haya, ita ke kwasarsu a jiragen dakon kaya daga nahiya zuwa nahiya, ita ke biyan kyaututtuka. An yi tsammanin kowace ƙungiya za ta samu kamfanonin ƙasarta su ɗauki nauyinta don kishin tuta, ta biya uwar kamfani kuɗin haya. A wasu ƙasashe hakan ta samu. A da yawa ba ta samu ba, aka ga motoci suna zagaye da jiki fayau babu tallan kirki, uwar kamfani kuma ta riƙa cike giɓi don kada layin farawa ya rame. Rasha da Japan da Ostiriya ba su wuce kakar farko ba.

A Birtaniya, inda ofishin gudanarwa da yawancin ma'aikata suke, tashar Sky Sports ta masu biyan kuɗi ce ke haska gasar, abin da ya taƙaita masu kallo. Lokutan tseren ma suna yawo: yau Turai da rana, gobe Niyu Zilan cikin dare.

Shirin wasu wurare kuma ya zubar da mutunci. A Nuwambar 2006 aka kai gasar titunan Beijing, sai aka tarar akwai wata kwana mai lanƙwasa da motocin ba za su iya karyawa ba, dole aka gajarta fagen ana tsaka da taron. Murafan magudanun ruwa ma suka riƙa ɗagowa a ƙarƙashin motoci. Tsere da dama an sanar da su, daga baya aka soke.

A Satumbar 2006, bayan kaka ɗaya tak, aka sanar cewa Sheikh Maktoum zai sauka daga shugabanci ya sayar da kasonsa. Kamfanin zuba jari na RAB Capital da ke Landan ya shigo da kuɗi, Teixeira ya karɓi ragama. Wanda ya kawo tunanin, mai sunan gidan sarautar da ke buɗe ƙofofin shugabannin ƙasashe, ya tafi tun gasar ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Shawarar Ferrari

A Oktoban 2007 Teixeira ya sanar da yarjejeniyar shekara shida da Ferrari. Za a ajiye motocin Lola, a ƙera sababbi bisa fasalin F2004, motar da Schumacher ya yi ta'adi da ita a 2004, da injin Ferrari V8 mai lita 4.5 da ƙarfin doki har 600, da tayoyin Michelin. John Travis ya jagoranci zanen, Rory Byrne, ɗan Afirka ta Kudun da ya zana manyan motocin Ferrari, ya ba da shawara. Manufar a fili take: tunda babu taurarin direbobi, sai a sayo tauraron suna.

Za a iya fahimtar wannan tunani, amma kuskure ne babba. Motocin Lola an riga an biya kuɗinsu, makanikai sun san su ciki da waje, kayan gyaransu na nan jibge, kuma ba wanda ya je Zandvoort ko Durban ya dawo yana kukan motar ba ta da gudu. Gasar da ba ta taɓa cin riba ba ta ɗauko wa kanta nauyin ƙera sababbin motoci fiye da 20, da sayen injinan kamfanin da ya fi kowa tsada, duk cikin shekara guda.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tseren buɗe kaka da aka shirya yi a Mugello ta Italiya a Satumbar 2008 an soke shi domin motocin ba su kammalu ba. Ranar 15 ga wannan watan bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka, kasuwannin kuɗi na duniya suka rikice, masu zuba jari irin su RAB Capital suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Da aka taru a Zandvoort farkon Oktoba, ƙasashe da dama ba su samu mota ba, ciki har da Birtaniya da Jamus, biyu daga cikin manyan gasar. Jamus ba ta shigo ba sai a Kyalami a Fabrairun 2009. Ko Formula 1 mai arziki ta ji jiki a lokacin: Honda ta fice a Disambar 2008, BMW da Toyota suka bi a ƙarshen 2009.

Kakar ta ƙare da filaye bakwai kacal: Zandvoort, Chengdu, Sepang, Taupo, Kyalami, Algarve da Brands Hatch. Na birnin Meziko, wanda zai rufe kakar, an soke shi saboda ɓarkewar murar aladu. Abin takaici, tseren da aka yi a wannan kaka yana cikin mafi daɗi, domin Ayalan da Suwizalan da Fotugal sun kai ranar ƙarshe kowace na da damar ɗaukar kofi. Carroll, wanda ya ci, direba ne mai hazaƙa daga Ayalan ta Arewa da rashin kuɗi ya hana shi kujerar Formula 1. A1GP ce ta ba shi kambun da ya cancanta.

A tsakiyar 2009 kamfanin da ke gudanar da harkokin gasar a Birtaniya ya faɗa hannun masu karya kamfani saboda bashi. Motocin suka maƙale a rumbun ajiya a Ingila, masu bin bashin jigila suka riƙe su. Duk da haka shugabannin gasar suka ci gaba da ba da tabbacin cewa kaka ta biyar za ta fara a Oktoba a titunan Surfers Paradise da ke jihar Queensland ta Ostareliya. Wannan gari ya karɓi motocin tseren Amurka tun 1991, kuma da ya rabu da gasarsu ta IndyCar bayan 2008, sai ya ƙulla da A1GP. An sayar da tikiti, an kafa shinge, gwamnatin jihar ta sa kuɗin jama'a. Saura 'yan kwanaki aka tabbatar motocin ba za su zo ba. Motocin V8 Supercars na cikin gida aka ƙara wa tsere don cike gurbin, kuma maganar ta zama rigimar siyasa a Queensland. Sauran tseren kakar aka yi ta soke su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage

Tsofaffin motocin Lola, waɗanda aka ajiye don ba su da suna, sun ci gaba da tsere shekaru da dama a gasar Auto GP ta Turai. Motocin Ferrari, waɗanda aka ci bashi dominsu, kaka ɗaya suka yi. Wannan kaɗai ya isa hukunci a kan shawarar 2007.

Wasu sun gwada irin tunanin ta wata hanya. Superleague Formula ta yi wa motoci fentin kulob-kulob ɗin ƙwallon ƙafa irin su AC Milan da Liverpool daga 2008, ta mutu a 2011. W Series, ta mata zalla, wadda ita ma uwar kamfani ke ɗauke da nauyin motoci da direbobi, ta fara a 2019, kuɗi ya yanke mata a 2022. Wadda ta ɗore ita ce FIA Motorsport Games, da aka fara a Vallelunga ta Italiya a 2019, aka sake yi a Faransa a 2022 da Sifaniya a 2024. Ita ma ƙasashe ne ke karawa don lambobin zinariya, sai dai a wuri guda ake yi, cikin 'yan kwanaki, da motoci masu araha ciki har da na kat, kuma hukumomin tsere na ƙasashe ne ke zaɓo wakilansu. Ba ta da ƙyalƙyalin A1GP, ba ta kuma da kuɗin jiragen dakon kaya zuwa nahiyoyi biyar.

Labarin yana da amfani ga Afirka a yanzu, domin sha'awar manyan tsere ta dawo. A Disambar 2024 Shugaba Paul Kagame ya sanar a Kigali cewa Ruwanda na neman karɓar Formula 1, Afirka ta Kudu kuma na ƙoƙarin dawo da ita. Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar nahiyar da ta samu mota a A1GP, kuma ta iya cin tsere ne domin tana da filaye da gasannin cikin gida da tarihin da ya haifar da Jody Scheckter, zakaran duniya na 1979. Sauran ƙasashen nahiyar ko da an ba su mota kyauta a 2005, sai sun nemo direba daga waje.

Don haka duk gwamnatin da mai tallan gasa ya zo mata da hotunan mota sanye da tutar ƙasarta, ya kamata ta fara neman ganin littafin kuɗinsa, ta san wa ke biyan jigila, wa ke da motocin, kuma me zai faru da kuɗin jama'a idan motocin ba su iso ba. Bayan haka ta kwatanta kuɗin tseren kwana uku da abin da zai gina filayen kat, ya horar da makanikai, ya kuma riƙe gasar yara ta shekara goma. A1GP ta tabbatar cewa mutane za su fito su mara wa motar ƙasarsu baya. Ta gaza ne domin ta kashe kuɗinta a kan suna da zagaya duniya, ta bar tushen da ke samar da direbobi, kuma duk wanda zai farfaɗo da ita dole ya fara daga wannan tushen.